Mijina bai taɓa kurɓar giya ba, ƙwaya ce ta kai shi gidan yari

Ni matar direba ce, haifaffiyar Kano, kuma har ƙarshen 2018 ban san dokoki biyu ne a kanmu game da kayan maye ba. Ɗaya na sani, wadda yaro ma ya sani: Musulmi ya sha giya, bulala tamanin. Ta biyun ta Gwamnatin Tarayya ce, ita kuwa sai da ta raba ni da mijina na shekaru sannan na ji abin da ta ƙunsa. Saboda matan direbobi da iyayensu mata nake ba da wannan labari, don na san har gobe akwai wadda za ta zo wanki ta tsinci katin ƙwaya a aljihun mijinta, ta adana masa, tana cewa maganinsa ne.

Ina 'yar sakandare aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a shekarar 2000, lokacin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, bayan Zamfara ta riga kowa. A 2003, da Malam Ibrahim Shekarau ya hau, aka yi dokar da ta kafa Hukumar Hisba, a 2004 kuma aka ƙara da wadda ta hana sayar da giya da safararta a faɗin jihar, ko mai ita Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Da wannan muka taso, a rediyo da wajen wa'azi. In an ce maye, giya ce kawai ke zuwa mana a rai. Ranar da Hisba ta sa katafila ta murƙushe kwalabe 240,000 a watan Nuwamban 2013, maigidana ya dawo gida yana ta hamdala. Mutum ne da ko nawa za a ba shi ba zai ɗora katan ɗin giya a motarsa ba. An sha gwada shi a tasha, ya kan ce motar da yake ciyar da 'ya'yansa da ita ba za ta ɗauki la'ana ba.

A layinmu akwai wani magidanci da kowa ya san yana sha. Wani dare 'yan Hisba suka tsince shi a buge, aka miƙa shi kotun Shari'ar Musulunci, ya amsa da bakinsa, alƙali ya yanke masa haddi. Sai da ya wartsake aka yi masa, tamanin cif, kafin la'asar yana gidansa. Bayansa ya warke ba da daɗewa ba, amma mata suka daina aika yara gidan, a masallaci ma sai ka ga ana matsawa daga kusa da shi. Maigidana na cikin masu cewa Allah ya kiyashe mu. A lokacin kuwa da katin taramadol a aljihunsa, kuma har ga Allah bai ga abin da ya haɗa shi da maƙwabcin namu ba.

Layin Maiduguri yake yi, ta Wudil da Potiskum da Damaturu, tafiyar da ta kusa kilomita 600. A wancan lokacin sojoji kan rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma saboda rikicin Boko Haram, wanda ya makara sai ya kwana a bakin shinge, kwanan da ba mai sonsa. Don haka tun asuba ake tashi, a yi ta gudu, a yi ta tsayawa a shingayen bincike, washegari a juyo. Ciwon baya ne ya fara kai shi kemis, aka ba shi taramadol mai miligiram 100. Baya ya saki, gajiya ta tafi, ya ga ya samu abin da yake nema. Da jiki ya saba ɗaya ta daina isa, sai wani abokin aikinsa ya nuna masa mai 225 da ake sayarwa a ɓoye. Daga baya ne na ji cewa 50 da 100 kaɗai hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da su. Masu 200 da 225 da 250 duk ta ɓarauniyar hanya suke shigowa ƙasar nan.

Wata rana yana alwala a tsakar gida ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa a bakinsa. Inna, mahaifiyarsa, ta ce shafar aljanu ce da ya kwaso a hanya. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, ya tashi, bayan kwana biyu ya koma aiki. Sai bayan shekaru likita ya gaya mini cewa taramadol in ya yi yawa yana kawo irin wannan farfaɗiyar. Har yau in na tuna da a kan sitiyari ta same shi, mota cike da mata da yara, sai jikina ya yi sanyi.

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da rahoton bincikenta a kan maganin tari mai kodin, har aka nuno matasan Kano ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali. Ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya na lokacin Isaac Adewole ya sanar da hana shigo da kodin da haɗa maganin tari da shi. Mu a gida murna muka yi. Sai dai da kaya suka yi wuya kuɗinsu ya tashi, dillalai kuma suka daina ɗauka da kansu, suka koma ga direbobi. Saƙo tsohon abu ne a tasha: a kawo kwali a naɗe da salatif, a rubuta lambar waya a jiki, a biya, direba ya kai. Kawai dai akwai saƙon da kuɗinsa ke ninka na sauran, kuma duk direban da ya karɓa ya san dalili.

Yaron motarsa ne ya kira ni da hantsi. Ba su ma fita daga jihar Kano ba jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, suka tsayar da su, suka sauke kaya, suka farke kwalayen da ke ƙasan lodi. Kwalaben kodin ne da katunan taramadol mai 225. Fasinja suka nemi wata mota, shi kuma aka wuce da shi har da motar.

Da Yayana ya iso abin da na fara ce masa shi ne, "Yaya, in bulala ce a yi masa ya dawo, ma ji da kunyar." Iyakar tunanina ke nan. Kunya nake tsoro, ban san akwai abin da ya fi ta ba.

Yaya ya samo lauya, wani dattijo mai haƙuri. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Hajiya, ki cire maganar bulala a ranki. Wannan ba ta Hisba ba ce, ba ta kotun Musulunci ba ce, ba ma ta jihar Kano ba ce. Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke da hurumin sauraronta." Ya jawo littafin doka, yana karantawa da Turanci yana mayar mana da Hausa. Dokar ta 1989 ce, tun mulkin soja, ita ce ta kafa hukumar. A sashe na 11, wanda ya shigo da hodar iblis ko hiroyin ko makamantansu, ko ya noma, ko ya sarrafa, ɗaurin rai-da-rai ne. Wanda ya yi safara, ya ɗauka daga wani wuri zuwa wani, rai-da-rai. Wanda ya saya ko ya sayar, rai-da-rai. Wanda kuwa aka kama da ita a hannunsa da saninsa, ko yana sha, ba ƙasa da shekara 15 ba, ba sama da 25 ba. Haɗa baki da mai laifin ma 15 zuwa 25 ne.

"Barista," in ji Yaya, "ai ba hodar iblis ba ce, maganin tari ne da na ciwon jiki."

Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, a ƙarƙashin wannan dokar ake gurfanar da masu wiwi da taramadol da kodin kullum ta Allah. Sannan motar da aka ɗauki kayan da ita, kotu na iya mallaka wa gwamnati." Motar da ba a gama biyan kuɗinta ba yake nufi. Ni dai tun daga rai-da-rai ɗin farko kunnena ya toshe, sai a hanya Yaya ya sake maimaita mini sauran.

Da na kai wa Baba labari ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce in gode wa Allah da ba a 1985 aka kama shi ba. A zamanin Buhari da Idiagbon dokar soja mai lamba 20 ta 1984 kisa ta tanada, kuma a watan Afrilun 1985 an harbe matasa uku a Legas a kan safarar miyagun ƙwayoyi. Gwamnatin Babangida ce ta mayar da hukuncin ɗauri. Baba ya riƙe wannan a kansa sama da shekara talatin, amma shi ma a zatonsa doka ce ta masu hawa jirgi da hodar iblis a ciki, bai taɓa kawo cewa za ta hau kan direban tasha da kwalin maganin tari ba.

Duk shari'ar a kan abu ɗaya ta rataya: ya san abin da ke cikin kwalin ko bai sani ba? Direban da aka yaudara da gaske yana da abin faɗa a gaban alƙali. Maigidana kuwa tun ranar farko ya faɗa a bayaninsa cewa ya san ƙwaya ce, an ba shi kuɗin da ya fi na kullum, an ƙara masa da kati biyu na kansa. Bai ɓoye ba saboda bai ɗauka wani babban abu ba ne. Lauya ya dafe kai da ya karanta. Ni kuwa, duk da abin da ya biyo baya, ban taɓa fatan a ce ƙarya ya yi ba. Mutumin da ya kawo kayan, layinsa a kashe tun ranar, a tasha ba wanda ya san gidansa, kuma har yau ba a gan shi ba.

An ba da beli, amma ana son mai tsaya masa ya zama babban ma'aikacin gwamnati mai takardar gida, mu kuwa ba mu da irinsa a dangi. Haka ya zauna cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan. Ranar da aka fara bari na gan shi, sai da ya yi magana na tabbatar shi ne. Gumi yake, yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba, ya kasa tsayuwa sosai don ciwon gaɓoɓi. Na ce, "Maigida, dukanka aka yi?" Ya ce, "Ba wanda ya taɓa ni. Ƙwayar ce take fita, rabona da barci tun ranar da aka kama ni. Ki ce wa Inna ta yafe mini, faɗuwar nan da na yi ba aljanu ba ne."

A watan Janairun 2019, yana ciki, aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A rediyo na ji shi ina ɗinki. Mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu da irin su taramadol, miliyan 2.4 da maganin tari. A Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Na dakatar da keken na zauna ina tunani. In za a bi dokar nan yadda aka rubuta ta, kowane ɗaya daga cikinsu shekara 15 ce a kansa. Ina gidan yarin da zai ɗauke su? Kuma mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa jin wannan adadi?

Lauya ya ba da shawarar ya amsa laifinsa, tunda bayaninsa na hannunsu kuma gwajin da aka yi wa kayan ya tabbatar da abin da suke. A kotun da ke Gyaɗi-Gyaɗi ya roƙa masa sassauci: bai taɓa laifi ba, ga ƙananan 'ya'ya, ga tsohuwa. Alƙali ya ba shi shekara 5 daga ranar da aka kama shi, ba zaɓin tara, mota kuma ta zama ta gwamnati. A waje lauya ya ce mu gode wa Allah. Alƙalai kan sassauta wa mai laifin farko, wasu har su ba da zaɓin tara, amma ganin damarsu ne, ba haƙƙin kowa ba ne, kuma wanda ya dogara da wannan ya ɗauki kaya yana iya haɗuwa da wanda ba zai sassauta ba. Inna ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, shekara biyar ta Allah da Annabi?" Yaya ne ya yi mata bayanin cewa ana yafe kashi ɗaya cikin uku ga mai kyakkyawan hali, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. A farkon 2022 ya fito.

Shekarun da ke tsakani ba sai na ja su ba. Ɗinki ya riƙe mu, Yaya ya ɗauki kuɗin makarantar babbar, wanda ya sayar masa da motar kuma bai fasa zuwa karɓar kuɗinsa ba, kuma yana da gaskiya. Yara sun sha dawowa da kuka an ce musu 'ya'yan ɗan ƙwaya. Gidan da bai taɓa juya mana baya ba shi ne na mutumin nan da aka yi wa bulala. Matarsa ce ke zama da ƙananan ranar da zan je ziyara, shi kuma ya kai babban ɗanmu asibiti cikin dare lokacin da zazzaɓi ya kama shi. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

A Islamiyya malamarmu ta karanto mana labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) ana yi masa haddin giya, har wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Ta kuma maimaita hadisan da muka haddace tun muna yara, cewa duk abin da ke bugarwa giya ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Na ɗaga hannu na ce, "Malama, mun san hadisan nan, amma ban taɓa jin an biyo su da sunan kodin ko taramadol ba. Giya kaɗai ake ambata." Ta ce gaskiya ne, kuma tun daga ranar take ambata su ɗaya bayan ɗaya, har da wiwi da sholisho.

Kada wani ya ɗauka ina jin haushin doka ne. Kwalayen da mijina ya ɗauka da sun isa inda za su, 'ya'yan wasu ne za su shanye su, a garin da yaƙi ya riga ya ɗaiɗaita. Na ga matan aure da kodin ya kashe wa aure, na ga yarinyar da aka cire daga makaranta a kansa. Wanda yake neman kuɗi da wannan ya cancanci hukunci, ko da mijina ne. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda doka mai rai-da-rai a cikinta take zaune a littafin Turanci a ofishin lauya, alhali mutanen da ta fi kamawa direbobi ne da yaran mota da 'yan dako. Hukuncin giya an faɗe shi a masallaci, an faɗe shi a rediyo, an fasa kwalabe a gaban jama'a, shi ya sa mijina ke gudun katan ɗinta. Da an tsaya a tasha ranar taron ƙungiya an karanta sashe na 11 da Hausa, an ce kwalin taramadol ɗaya zai iya cinye motarka da sauran rayuwarka, na yi imani da bai ɗauka ba. Mutum ne mai tsoron hukuma.

Sannan ban yarda a haɗa mai sha da mai sayarwa a tukunya ɗaya ba. Mai sayarwa riba yake nema da idonsa biyu. Mai sha kuwa, na ga yadda jikinsa ke yi in ya rasa, wannan ciwo ne, kuma ɗauri kaɗai ba ya warkar da shi. Mijina ya fito ya yi 'yan watanni lafiya lau, da ya fara komawa tasha ciwon bayan ya motsa, sai ya daina barci, ya riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya kira ni ya ce zuciyarsa na raya masa, yana tsoron kansa. Inna ta kawo maganar gidan mari, amma Yaya ya tuna mata abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 da kuma Daura wata guda bayan nan, mutane ɗaure da sarƙa, jiki duk tabo, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau muka kai shi. Ya so ya ƙi, wai za a ce ya haukace, na ce masa wanda aka riga aka kira fursuna me ya rage a kira shi. Likita ya zauna da shi, ya sauya masa maganin baya zuwa wanda ba ya kama mutum, ya sa masa ranakun dawowa. Addu'a kuma Inna ba ta fasa ba, mu ma ba mu fasa ba.

Hukuncin bai ƙare da fitowarsa ba. Wani kamfani ya nemi direbobi, ya ci gwajin tuƙi, sai ga tambaya a fom ko kotu ta taɓa samunsa da laifi. Ya rubuta gaskiya, ba su sake kiransa ba. Babbar 'yarmu ta kai munzali, kuma mun san duk wanda ya zo za a yi bincike, don haka mun yanke cewa mu za mu fara faɗa da bakinmu.

Yanzu motar wani yake ja, gajeren zango, yana kwana a gida. Duk saƙon da aka kawo sai an buɗe a gabansa, ya rubuta sunan mai shi da lambarsa, ya kira lambar a nan take ya ji ta yi ƙara, ya ɗauki hoton mutumin da kayan. Wasu kan yi fushi su ɗauke kwalinsu su kai wa wata mota, 'yan kamasho ma suna ce masa ya cika tsirfa, kuma kuɗin da yake shigowa da shi bai kai rabin na da ba. Daga cikinsa muke cire na tsohuwar motar duk wata, saura kaɗan mu gama.